Shuɗin Fenti a Ɗakin Iya

A gidanmu na ƙauye, can gefen Bunkure inda babban kanal na ban ruwa ya rabu biyu, ɗakin Iya ne na ƙarshe idan ka shiga tsakar gida. Iya mahaifiyar Baba ce. Ɗakinta na ƙasa ne, rufin azara, kuma shi kaɗai ne a gidan da ba ya ɗaukar zafi da bazara. Da sanyi kuwa, ana idar da sallar magariba za ta sa a ɗebo mata garwashi daga murhun Umma a kasko, ta ɗora 'yan ƙirare a kai, mu jikoki mu shigo da kwanonin tuwonmu mu kewaye ta. Kafin a kira lisha mun sha tatsuniya, har da ƙari idan ƙafarta ba ta dame ta ba.

Tana da nata salon farawa. Takan ce, "Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma." Daga nan ba mai ƙara motsi.

Bangon ɗakin ya yi baƙi da hayaƙi, amma idan wuta ta kama sosai sai ka ga sawun yatsu ko'ina, layi-layi, suna lanƙwasa kamar kunyoyin gona. Kakanmu Malam Audu ne ya yi yaɓen da hannunsa a ranin ƙarshe da ya yi a duniya, tun ba a haife ni ba. Iya ce ta riƙa miƙa masa curin ƙasa. Kusa da ƙofa akwai tafin hannu sak, inda santsi ya kwashe shi ya dafa bango, ita kuma ta hana shi shafewa don ta riƙa tsokanarsa. Ta ba mu wannan labari ya fi a ƙirga. Duk gidan ba wanda bai san shi ba.

Shekarar da nake aji biyar a firamare, a farkon shekarun dubu biyu, tumatir ya yi albarka kuma ya yi kasuwa. Manyan motoci suka yi ta lodi a Kadawa, kwandunan Baba ba sa ko kwana a bakin gona. Sai ya ce bana zai gyara gida, kuma da kansa zai yi, domin ya taɓa yin lebura a wurin magina a Kano lokacin samartaka. Ya aro cokalin gini da kwanon sarki a wurin Baban Talatu, wani mutumin Jos mai gyaran injin ban ruwa da ke maƙwabtaka da mu. Ya fara da zaure, ya koma ɗakin Umma. Aikin bai miƙe sosai ba, wani wurin ya yi tudu wani ya lotsa, amma a idonmu ko gidan birni albarka.

Ana cikin haka Gwaggo Hansai, ƙanwar Baba, ta haihu a Dawakin Kudu, Iya ta tafi zaman jego, sai an yi arba'in za ta dawo. Tana tafiya Baba ya kawo maganar ɗakinta. Ya ce kunya yake ji mutane su shigo gaishe ta su wuce ɗakin matarsa da siminti su tarar da uwarsa a cikin ƙasa da hayaƙi. Umma ta ce a bari ta dawo a ji ta bakinta. Ya ce idan aka tambaye ta ba za ta yarda ba, don ko zane ka saya mata sai ta ce ka wahalar da kanka. Ni ma na tsoma baki ina goyon bayansa, ina ta zuzuta irin murnar da Iya za ta yi. Wannan ya yi masa daɗi, har ranar kasuwar Kura ya ɗauke ni a babur ya ce in zaɓi launi. Na zaɓi shuɗi mai haske, irin na ofishin hedimastanmu.

Muka fito da gadonta na ƙarfe, da jeren kwanoninta, da adudunta, muka jibge a ɗakin Umma. Baba ya ce siminti ba ya kama tsohon yaɓe sai an kankare shi, an kafa ƙusoshi da tsakuwa a jikin bangon. Ya ba ni tsohuwar fartanya, ya ba yayana Sani wata, muka shiga gasar wanda zai riga gama ɓangarensa. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Ka sara, falle guda ya ɓallo ya faɗi ya tarwatse, jar ƙasa sabuwa ta bayyana a ƙarƙashi. Da muka iso bakin ƙofa Sani ya tsaya ya tambayi Baba ko a bar hannun Malam. Baba ya zo ya duba, ya ce idan aka bar shi nan ne simintin zai fara tsagewa. Ya karɓi fartanyar ya sare shi da kansa. Ni na kwashe ɓaraguzan a kwanon sarki na kai kududdufin bayan gida na zubar, ina 'yar waƙata.

Baba ya toshe alkukin da Iya take ajiye fitila don bango ya miƙe. Ya yi wa ƙasa siminti, ya shimfiɗa leda mai zanen furanni. Muka shafa fentin, rabi a bango rabi a jikinmu. Umma ta ɗinka labule, duk da cewa ranta bai kwanta da aikin ba. Muka mayar da jeren, ni na tsara shi yadda na ga ya fi kyau.

Da aka yi arba'in, wata rana bayan la'asar, motar haya ta sauke Iya a bakin titi. Muka ruga muka karɓe mata ƙunshi, muna ta ƙunshe dariya. Tun daga zaure ta ce warin mene ne wannan. Da ta iso ƙofar ɗakinta ta ɗaga labulen ta tsaya, ta daɗe ba ta shiga ba. Na ga hannunta ya tafi gefen ƙofa kamar yadda ya saba, ya taɓa bangon, ta janye shi ta duba tafinta kamar mai tsoron fenti ya shafe ta. Sannan ta juyo wurin Baba, wanda ya durƙusa yana murmushi har kunne.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Allah ya ba ka masu yi maka."

Baba ya amsa da amin, ya ƙara da roƙon a daina shiga da kasko, don hayaƙi zai ɓata fentin kuma garwashi zai iya ƙona ledar. Ta ce to.

Saboda haka a tsakar gida muka zauna ran nan bayan magariba, a gindin murhun Umma, Iya ta miƙe ƙafafunta wajen wuta. Baba yana bakin zaure da kwanon tuwonsa. Muka matsa mata sai ta biya mu bashin tatsuniyoyin da muka yi kewa. Ta ce tana da wata sabuwa da ta tsinto a hanya.

Wai akwai wata tsohuwar kunkuru, ƙoƙon bayanta duk ya tsattsage, ya yi gansakuka, ga laka ta shekaru ta bushe a kai. 'Ya'yanta suna sonta ƙwarai, kuma yana yi musu ciwo idan sauran dabbobi suna nuna ta. A zamanin nan kunkuru kan tuɓe ƙoƙonsa idan zai yi wanka. Wata rana ta tuɓe nata a bakin rafi ta shiga ruwa, sai 'ya'yan suka lallaɓo suka ɗauke shi. Suka dirje shi da yashi, suka cike tsagar da ƙaro, suka rina shi da shuni, suka shafe shi da man kaɗe har yana ɗaukar ido. Suka mayar inda yake suka ɓuya a cikin ciyawa.

Da ta fito ta wuce shi ba ta ko kalle shi ba. Ta bi gaɓar rafi tana nema tana waƙa. Iya ta rera mana waƙar da ƙaramar murya:

"Wa ya ga ɗakina, ɗakina mai tsaga,
Wanda kura ta ciza ta bar mini shaida,
Wa ya ga ɗakina, in shiga in huta."

Belbela ta ce mata ga wani can ya fi naki kyau, ki ɗauka mana. Ta ce nata yana da lotsawa a dama, inda ƙanƙara ta buge ta ranar da ta rufe ƙwayayenta. Kwaɗo ya ce mata haka, ta ce nata yana da zane a gefe, inda mijinta ya saba jingina kansa. Ta yi ta kai da kawo har rana ta take, bayanta ya fara ƙuna. Da 'ya'yan suka ga haka suka fito suna tsalle suna cewa naki ne, mu muka gyara miki. Ta dube su, ta dubi ƙoƙon, ta sa musu albarka ta shiga. Suna ta rawa suna tambaya ko ya yi mata kyau, sai ta ja kanta ciki don kada su ga fuskarta. Tun daga ranar, in ji Iya, kunkuru bai ƙara tuɓe ƙoƙonsa ba, kuma da ka matso kusa da shi sai ya shige da kai. Ta ce nan baƙuwar ta naɗe tabarma ta tafi.

Muka yi ta dariya. Sani ya ja wuyansa cikin riga yana kwaikwayon kunkuru. Ni kuma na tambaye ta, "Iya, to ai sun kyauta mata ko?"

"Sun kyauta mana, Dije," ta ce. "Yara ne masu hankali. Sai dai ba su ne suke kwana a ciki ba."

Ban ɗauki komai a maganar ba. Na je na kwanta ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki.

Sanyin shekarar ya shiga simintin ya zauna. Ƙafar Iya ta ƙara tsananta, Umma ta riƙa ninka mata buhu a ƙarƙashin tabarma. Hira ta koma waje, inda iska ke kaɗa hayaƙi a ido, sai tatsuniyar ta gajarta. Ba a daɗe ba Baban Talatu ya sayi talabijin da ƙaramin janareta, muka koma can. Iya takan shige ɗakinta da wuri ta saki labule. Amma duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta nuna masa bangon ta ce Babansu Dije ne ya yi, bai ɗauko magini ba. Ko sau ɗaya ban ji ta ambaci tsohon yaɓen ba, kuma labarin santsin Malam ya fita daga bakinta gaba ɗaya. Ina makarantar kwana ta rasu, a cikin wannan ɗaki.

Sai bayan na yi aure na tare a Kumbotso maganar ta sake tasowa. Ina cikin fentin falona da kaina Baba ya zo Kano sayen taki ya biyo ta wurina. Ya ƙi shiga, ya ce in shimfiɗa masa a waje, ba ya son warin fenti. Muna zaune ya tambaye ni ko ina tuna tatsuniyar kunkurun nan. Ya ce ya ji ta daga farko har ƙarshe, kuma tuwon da ke gabansa bai ƙara shiga bakinsa ba. Da gari ya waye ya zagaya kududdufi ko zai ga wani ɓalli da ya rage, ya tarar duk ya narke ya koma laka. Ya dawo ya durƙusa gabanta ya ce ta yafe masa. Ta tambaye shi me ya yi. Ta ce ita tatsuniya ta yi wa yara, ya tashi ya tafi gona kada a saki ruwa ba ya nan.

Da ya tafi na zauna da burushi a hannu har fentin ya bushe a jikinsa. A ranar na fara jin nauyin abin, kuma bai sauka ba. Na sha gaya wa kaina cewa yarinya ce ni a lokacin, kuma don ƙauna aka yi. Gaskiya ne duka, amma bai hana ni tuna waƙar da nake yi a hanyar kududdufi ba. Da Iya ta yi faɗa, da an ba ta haƙuri an wuce wurin. Albarka ta sa mana, ta kuma ci gaba da yabon aikin har ƙarshen ranta, sai ta bar mu ba mu da ƙofar da za mu shiga da ban haƙuri. Har yau ban sani ba ko da mu take a tatsuniyar, ko kuwa abin ne ya cika mata ciki ya fito ta hanyar da ta iya.

Yanzu ni ke yi wa 'ya'yana tatsuniya idan aka ɗauke wuta, kuma kusan duk na Iya na ba su yadda ta ba mu. Ta kunkurun ce kawai nake yi wa kwaskwarima. Idan na zo inda tsohuwar ta fito daga ruwa, sai in ce tana ganin ƙoƙon ta gane shi, ta yi guɗa, ta shiga tana rawa. Yaran suna sonta a haka, sukan ce in maimaita. Ni kuwa sai in ce musu barci nake ji.