Ranar da Na Kashe Telen Garinmu

Kafin a fara kirana ɓarawo, Aku ake ce mini. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can bayan Tsarnawa, ya san dalili. Ina iya surutu daga hantsi har azahar ban haɗiyi miyau ba. Mahaifina ya sha cewa da baki ne ke noma, da rumbunmu ya taɓo gajimare. Ku ƙannena da takardar nan za ta faɗo hannunku, ku daure ku kai ƙarshenta. Bakin nan shi ya ɗaukaka ni, shi ya kuma kai ni kaso ina da shekara goma sha bakwai. Yau ina da sha tara, amma ji nake kamar na girmi kukar bakin kasuwa.

Ina ɗan shekara takwas aka kawo tele, wato talabijin, garinmu. Ma'aikata suka zo da mota, suka kafa akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu a ƙofar gidan mai gari, suka sa telen ciki, suka ɗora wani baƙin faranti mai ƙyalli a kan dogon ƙarfe. Suka ce farantin zai sha rana da yini, batir ya adana, tele ta ci da yamma. Aka damƙa mabuɗi ga Baba Arzika, tsohon mai gyaran keke, don shi kaɗai ne a garin ba ya tsoron waya. Kullum da safe yakan hau tsani ya goge farantin da bakin rawaninsa. Ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa goge wa hanci da irin wannan ladabi ba.

Telen baƙi da fari ce. In iska ta taso sai hoton ya koma yayyafi, a tura wani ya juya sandar eriya, gari duka yana ihu: "Bai yi ba! Koma! Ya yi, ya yi, kada ka yi numfashi!" Da an sallame magariba kowa zai jawo tabarmarsa. Yara a gaba kan rairayi, mata a gefe, dattawa can baya suna cewa su ba kallo suka zo ba, iska suka zo sha. In kokawa ake nunawa kuwa, dattawan nan masu shan iska su ke fara miƙewa tsaye.

Labaran Hausa kowa na ji. Matsalar ita ce finafinan Turawa da ake yi da Faransanci. A nan na samu sarauta. Shekara huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, Faransancina bai cika cokali ba, amma na tsaya gefen akwatin na ce ni ne tafinta. Bature zai riƙe hannun mace ya yi ta magana idonsa cike da hawaye, sai in ce, "Yana tambayarta ina ta ɓoye sauran fura." Mushe, malamin lakwal ɗinmu, ya san ƙarya nake yi, amma shi ma dariya yake har ya cire tabarau.

Duk cikin masu saurarona babu kamar Kaka, uwar mahaifina. Idonta ya mutu tun kafin a haife ni. Ni ke riƙe sandarta in kai ta, in shimfiɗa mata buzu dab da ƙafar akwatin.

"Maigidana, mi ake yi yanzu?"

"Kaka, wani ƙato ne ya faɗo daga bene hawa ɗari, ya tashi yana kakkaɓe wando."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Ɗazu ka ce hawa goma ne."

"An ƙara gini, Kaka."

Sai ta lalubo kunnena ta murɗa, tana dariya ba haƙori ko ɗaya.

Akwai wani wasa da ake nunawa kowace Talata, kaɗan-kaɗan, kusan shekara biyu ana jansa. Labarin wata mata ce da ɗanta ya shiga jirgin ruwa ya tafi, ita kuma kullum tana zuwa bakin ruwa tana dubawa. Kaka ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, amma ta ɗauki matar nan kamar ƙanwarta. A wannan wasan ba ta yarda in yi mata shirme. Da an gama sai ta ce, "Ɗan banzan nan ya dawo?" In ce, "Tukuna, Kaka." Ta ce, "Allah ya shirye shi. Tashi mu tahi."

Ina da shekara sha biyar mahaifina ya fara tura ni kasuwar Konni ranar Laraba da wake a amalanke. A nan na ga gidan bidiyo. Rumfa ce ta kwano, janareto na ruri a baya, ciki kuwa tele mai kala. Ranar farko da na shiga, aka sari wani a fim, na ga jini ja wur. Na dafe kai. Shekara bakwai ina zaton jinin mutanen cikin tele baƙi ne. Ga 'yan Indiya suna rawa a kan duwatsu, ga 'yan Sin suna tashi sama kamar fara. Da na koma gida na kalli tamu, sai na ji kamar an ba ni tuwo ba miya.

Shiga rumfar nan sai da kuɗi, ni kuwa ba ni da ko dala. Na fara da ƙwan zabin mahaifiyata. Na ce a raina, zabuwa ba ta iya ƙirga. Daga nan na koma ɗiban wake a buhu kafin in kai wa dillali. Daga nan ɗan akuyar maƙwabcinmu ya ɓace, aka ɗora wa dila laifi, ni ma na taya su zagin dila.

Mai rumfar, wanda kowa ke ce wa Oga, ya lura da ni. Wata rana ya jawo ni gefe ya ce, "Kai ɗan ƙauye, an ce garinku akwai faranti mai shan rana. A tsallaken iyaka nemansa ake kamar ruwa. Ka kawo mini shi, ƙofar nan taka ce har ka yi furfura." Na ce ai na gari ne. Ya yi dariya ya ce, "Na gwamnati ne. Gwamnati na da dubu, za ta kawo muku wani kafin ka yi atishawa." Sati uku maganar tana cina. Da na ce muku na yi ta kokawa da zuciyata ne, da na yi ƙarya. Dabarar yadda zan kwance shi nake yi.

Ranar wata Juma'a maza suka tafi masallaci a Tsarnawa, mata na cikin gida suna daka. Na ce cikina ke ciwo. Rana tsaka na ɗauko tsanin Baba Arzika da ƙarfensa na kwance noti, na hau. Da na sa hannu ƙarƙashin farantin sai na taɓo wani abu: laya ce ɗinke da jar fata, an ɗaure ta da robar tayar keke. Na tsinke ta, na jefa a tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan gidan mai gari. Na naɗe farantin a tabarma, na tura ƙarƙashin harawa. Da Laraba ta zagayo ya hau amalanke zuwa Konni. A makon nan ne tele ta riga ta sanar cewa Talata mai zuwa za a nuna ƙarshen wasan matar bakin ruwa. Na sani sarai. Ni ne ma na fassara wa Kaka sanarwar.

Batir ya riƙe kwana biyu. Ranar Lahadi ana tsakiyar kokawa, hoton ya ƙanƙance ya zama ɗigo, ya mutu. Gwamnati ba ta kawo wani ba. Ranar Talata Kaka ta sa na kai ta duk da haka, ta zauna gaban akwatin, ta ce, "To yanzu wa zai gaya mini ko ya dawo?"

Laifin ya faɗa kan Baba Arzika. Aka ce wa ke da tsani, wa ke da ƙarfen kwancewa? Mai gari ya karɓe mabuɗin daga hannunsa a gaban jama'a. Tsohon ya juya ya shiga gida, ya daina fitowa dandali. Ina tsaye a wurin, ni mai bakin da ba ya rufuwa, ranar ban ce uffan ba.

Sabo kuwa turken wawa ne. Da magariba ta yi sai mutane su jawo tabarmi su zo gaban mataccen akwati, ba su san inda za su ba. Sai na miƙe na fara ba su finafinan Konni da baki. Ni ne jarumi, ni ne mugu, ni ne doki, ni ne 'yar rawa. Na zama telen gari. Wata uku ana tafa mini, har wani ya ce gara da aka sace farantin. Kaka kaɗai ba ta gamsu ba. Ta ce, "Naka duk duka ne da tsalle. Ni ɗan matar nan nake so." Ni da ke ƙera ƙarya kamar maƙeri, na kasa ƙera mata wannan.

Wata yamma Baba Arzika ya fito, karo na farko, ya zauna can nesa jikin katanga. Ni kuwa finafinan sun ƙare mini, ina ƙarawa daga kaina. Ina ba da labarin wani ɓarawo ɗan Sin da ya hau soron sarki zai sace madubi. Daɗin baki ya ɗebe ni na ce, "Ya sa hannu ƙarƙashi, sai ya ji laya! Jar fata, an ɗaure ta da robar keke! Ya yi tsaki ya wurga ta tsohuwar rijiya." Jama'a suka fashe da dariya, wai ɗan Sin da laya.

Baba Arzika ya miƙe. Ya ce, "Aku, da mi ka ce an ɗaure ta?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Layar nan ni na ɗaura ta ranar da aka kafa farantin. Ko matata ban gaya ma ba." Da safe aka zura mutum cikin rijiyar da igiya, ya fito da ita a hannu. Amma tun a yammar nan an gama mini shari'a. Kaka ta lalubi sandarta, na miƙa hannu zan riƙe, ta janye. Ta kira wata maƙwabciya ta kai ta gida.

Jandarma suka zo. Oga ya rantse bai taɓa ganina ba, farantin kuma ya daɗe da tsallaka iyaka. Maganar ɗan akuya ma ta fito, aka wanke dila. Alƙali ya ba ni shekara ɗaya da rabi.

A kaso da fari na yi ta ba 'yan ɗakinmu finafinai, suna ba ni ragowar kunu. Amma duk ƙaryar da na zuba haɗiyewa suke. Babu mai cewa ɗazu hawa goma ka ce. Sai labarin ya fita raina, na yi shiru, har suka ɗauka ciwo nake. Akwai wata 'yar taga can sama, girmanta daidai da telenmu. Ita nake kallo yini guda. Wani lokaci tsuntsu ya gitta, shi ke nan shirin ranar. Talata ta fi kowace rana tsawo. Sau biyu mahaifina ya zo. A zuwa na biyu, bayan an cire amfanin gona, ya tsaya bai dube ni ba ya ce, "Kakarka ta rasu." Ya ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli ya tafi.

Da aka sake ni na sauka a bakin kwalta na taka zuwa gari. Akwatin na nan, kaji ke ƙwai a ciki, ma'aikata sun zo sun ɗauke telen. Dandalin ya yi ciyawa. Wanda na gaisar sai ya amsa a taƙaice ya duba inda akuyarsa take. Na wuce wurin Baba Arzika, na tarar yana liƙin taya. Na durƙusa. Sai da ya gama, ya hura, ya tsoma a ruwa ya ga ba ta yoyo, sannan ya ce, "Na yahe maka tun tuni. Ba ni son in shiga kabari da kayanka a kaina."

Na yi godiya zan tashi, ya ce in zauna. Ya ce bayan an tafi da ni, kowace Talata Kaka takan sa a kai ta gaban akwatin, ita kaɗai. Da ya ga haka sai ya riƙa zuwa yana zama kusa da ita. Talatar ƙarshe ta ce masa, "Arzika, kai mai ido, ɗan matar nan ya dawo kuwa?" Ya ce mata, "Ya dawo. Ya sauko daga jirgi, uwar ta gane shi tun daga nesa." Ta ce, "To madalla. Ya kyauta." Baba Arzika ya dube ni ya ce, "Ban saba ƙarya ba, yaro. Aikinka ne na yi maka."

Yanzu a rumfarsa nake, ina koyon liƙin taya. Mutumin da na zubar wa mutunci shi kaɗai ke hira da ni a garin nan. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma tuba ba ta kunna tele.

Ƙannena, sata ba ta fara da faranti, da ƙwan zabo take farawa, kuma kullum da dalilinta mai daɗi a baki. In wani ya ce muku abu na gwamnati ne, ba na kowa ba, ku tsaya ku duba wa ke zama gabansa da yamma. Ni na ɗauka ƙarfe da gilashi na sayar. Ashe magaribar gari guda ce, da mutuncin tsoho, da idon kakata. Har yau ban san ko yaron nan na cikin wasan ya koma wurin uwarsa ba, na tambayi mutane da yawa a Konni, babu mai tunawa. Ni dai na dawo. Na tarar babu kowa a bakin ruwa.