Ba A Taɓa Gola

Mijina, Ovide Charette, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Shi ake duka. Gola ne a wasan hokin ƙanƙara, kuma a zamaninsu gola ba ya rufe fuska.

Wasan ne ya kai shi kwaleji a Winnipeg, shi ɗan mai saran katako. Ni lokacin ina aiki a kicin ɗin makarantar, nakan leƙa kallo. Robar da suke bugawa da sanda, baƙa, a daskare, ba ta da maraba da dutse. In aka ɗirko ta kowa kaucewa yake, shi kuwa sai ya tare da fuska. Haƙoransa na gaba a kan ƙanƙara ya baro su. A ɗinke shi a gefe ba allurar kashe zafi, ya tofar da jini, ya koma raga.

Sai dai 'yan wasa suna da dokarsu: ba a taɓa gola. Duk wanda ya bangaje Ovide, abokan wasansa za su watsar da safar hannu su rufe shi da duka. Kullum na gaba shi ne Stan Wolanski, ɗan garinsu, ƙato mai wuya kamar na sa.

Ana saura shekara ya gama, sandar wani ta shige masa idon hagu. Stan ya karya wa mutumin muƙamuƙi, amma ido ya tafi. Likita ya ce na daman ma ya taɓu, bugu ɗaya mai kyau zai ƙarasa shi. Karatu ya tsaya. Muka yi aure, muka koma garinsu, aka ba shi kula da filin wasa, yana gyaran ƙanƙara yana wasa ƙarfen takalman da ake zamiya da su a kanta.

Abu ɗaya na roƙe shi, na kuma roƙi Allah a kansa.

"Ovide, in abu ya taso maka, ka sunkuya."

"To, Jeannine."

Ƙarya yake. Ko murfin tukunya ya suɓuce mini, da ƙirji yake tarewa.

Wata Lahadi bayan coci, samarinmu suka kara da na garin masu haƙar ma'adini. Alƙalin wasa, baƙo ne, ya soke mana ci ana dab da tashi. Mutane suka tsallako katanga. Alƙalin ya sha naushi biyu, hanci na zuba, ya ruga ɗakin canza kaya. Kafin a cim masa Ovide ya tsaya a ƙofar, ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, yadda yake tsayawa a raga. Ina can baya da carbina a hannu.

Stan ne a gaban taron, ya yi sanƙo ya yi tumbi.

"Matsa, mai ido ɗaya."

"Haba Stan. Kai da ko raga ba kowa ba ka iya zura ta, yau ni za ka wuce?"

"Ba da kai nake ba. Ba mu shegen nan."

"Zo ka ɗauka."

Wasu suka yi dariya, har na fara sa rai. Sai na baya suka soma jifa. Kwalba ta zo, ya cafe. Wata ta fashe a kafaɗarsa. Aka wurgo kujera, ya tare da gwiwar hannu, bai ja da baya ba. A gefen hagunsa akwai bokitin ƙanƙara da ake ajiye robobin wasa don su daskare. Na ga Dell Pruitt, wani direban babbar mota da ya sha ya yi tatil, ya zura hannu a ciki, ya ciro roba ɗaya zai jefo.

Na ce, "Ovide, sunkuya!"

Ya ji ni. Ya juyo da fuskarsa duka wajen da abin ke tahowa.

Ƙarar kamar an fasa itace da gatari. Ya zube a bakin ƙofa, jini na bin yatsunsa. Stan ya dube shi, ya cire safar hannunsa a hankali, ya yar.

Ya ce, "An taɓa gola."

Mutanen da suka zo dukan alƙalin wasa suka koma kan Dell. Tsofaffi masu jikoki, suna tattaka shi da takalman sanyi. Ina riƙe da kan mijina ina jin haƙarƙarin wani yana karyewa. Ovide na cewa, "Stan, ya isa. Stan." Alƙalin wasa ya buɗe ƙofa, ya tsallake mu, takalmansa a hannu. Ba wanda ya ko kalle shi.

Dell ya rayu, da ɗingishi. Ovide bai sake ganin haske ba.

Ya yi shekaru da yawa bayan haka. Duk Lahadi Stan zai zo ya kama masa hannu zuwa fili, suna tafe suna zagin juna. Bayan raga yake zama, dab da wayar da ke kare 'yan kallo. In roba ta daki wayar, 'yan layin gaba duk sai su zabura baya. Ni ina gefensa, ina kallo. Shi gaba yake matsowa.