Da hoton mijina na buɗe wa ɓarawo ƙofa

Ku matso, 'yan nan. Ban yi boko ba, faɗi nike ana rubutawa, amma kar a rage ko kalma guda.

Ni dillaliya ce, haihuwar garin Jega. Tun ina da ƙarfin ɗaukar ƙunshi a ka nike shiga gidaje da atamfa da kwanoni, daga Jega har Aliero da Maiyama. Ba a taɓa auna kayana sau biyu ba. In anka yi haihuwa, ni ake fara aika wa goro. Na san wanda ya haifi wane, na san sunan da anka raɗa wa kowane jinjiri. Da wannan nike taƙama, kuma shi ya kashe ni.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta kusa da tasha, Ɗantani, mutum mai furfura, ba yaro ba. Wata rana ya gyara min waya ya ƙi karɓar komai. Ya ce, "Inna, ɗan aike kawai za ki yi min." Ya ba ni filashi, ɗan abu kamar yankan rake, ya sa hoton marigayi mijina a ciki. In kai shagon masu kwamfuta in ce a wanke min hoton, in dawo mishi da abinshi.

Na ce, "To kai ba ka iya wankewa ne?"

Ya yi dariya ya ba ni turmin atamfa. Ban ƙara tambaya ba.

A karo na uku na tsare shi, ya faɗa min gaskiya. Masu shagunan nan suna da wata manhaja da mai gyaransu ke shiga kwamfutarsu da ita daga nesa, yana zaune a Birnin Kebbi. Kowace kwamfuta da lambarta, ɓoye cikin saitinta. Ɗantani ya rubuta wani ɗan umarni ya ɓoye bayan hoton. Da an soka filashin, sai ya lalubo lambar ya kwafe, mai shago na can yana gyara hasken fuskar mijina.

"Lamba ƙofa ce kawai, Inna," in ji shi. "Saura makulli, kalmar sirri."

Na ji, na gane, ban tashi ba. Kar wani ya ce yaudarata anka yi.

Ni na ba shi dabarar ma, don ya san ba banza nike ba. Na ce mutanenmu ba su kiran sunan ɗan fari. Uba zai tsufa bai furta shi gaban mutane ba, yaron kuma ya tashi da laƙabi. Mutum in zai ɓoye abu, da wane suna zai rufe in ba wanda bakinshi bai taɓa faɗi ba? Ɗantani ya dafe kai ya ce, "Inna, da kin yi boko da mun shiga uku!" Wallahi daɗi na ji.

A Maiyama akwai Umaru, ɗan aminiyata, mai shagon kwamfuta. Manoman albasa ta shagonshi suke karɓar kuɗinsu daga 'yan kudu. Da ya gan ni ya tashi ya ba ni kujerarshi, ya aika a sayo min fura.

"Inna, wanga hoton Baba ne? Allah ya jiƙan shi. Kyauta zan wanke miki."

Ina shan furarshi, abin nan na cikin kwamfutarshi. Sunan ɗanshi kuwa, ina wurin anka raɗa. Na kai wa Ɗantani duka biyu.

Bayan kasuwar albasa ta buɗe, anka share asusun Umaru da kuɗin manoma ke shiga. Manoman sunka cika ƙofar shagon, 'yan sanda sunka tafi da Umaru. Uwarshi ta zo har ɗakina tana kuka, na riƙe ta ina cewa Allah zai tona asirin azzalumi. Da bakin nan na faɗa.

Masu shagunan da anka yi wa irin haka sunka haɗu suna jajanta wa juna, sai magana ta kawo tsohuwar da kowa ya wanke wa hoton miji ɗaya. Ɗantani ya gudu. Ni anka samu ina tankaɗe.

Alƙali ya so ya sauƙaƙa min. Ya ce, "Inna, ƙila ba ki san abin da kike ɗauke da shi ba?" Na ɗaga kai na ga uwar Umaru. Na ce na sani. Anka sallami ɗanta, ni anka kai ni gidan yari, inda yarinya sa'ar jikata ke ce min "ke, tashi."

Da na fito na tafi Maiyama na durƙusa wa Umaru a bakin shago. Ya ce, "Subhanallahi, Inna, tashi, na yafe." Ya yafe kuwa. Amma uwarshi ta rasu ina tsare, ita ban samu na roƙa ba, kuma ban san me zan ce mata ba ranar da za mu haɗu.

Ku da kunka iya na'urorin nan, ku ji. In anka ce ku ciro lambar kwamfutar wani, ku tambaya ko mai ita ya sani. In bai sani ba, sata ce, ko da hannunku bai taɓa kwabo ba. Abin da mutum ya bari kunka sani don ya yarda da ku, kar ku kai shi kasuwa. Ni na kai, ga ni zaune da raina, ana hira a tsakar gida, ina yin sallama a yi tsit.