Abdulmajid Ba Ya Tambayar Tsoho

Shekara goma sha bakwai ina wanke kayan aiki a wani asibitin haƙori a unguwar Ƙuba, nan ƙasa mai tsarki. Ƙafafuna sun gaji, kunnena ma ya gaji da cika baki. Abdulmajid ba ya cikin masu cikawa. Haifaffen unguwar Harra ta Yamma ne, kakansa ya zo hajji daga Katsina bai koma ba. Aikinsa ƙera gadar ƙarfe da ake jera sababbin haƙora a kanta, a ɗaure ta da noti bisa turakun da likita ya dasa a muƙamuƙi. In ba ta zauna daidai ba, a hankali noti ya kwance, ko ƙashi ya lalace.

Ran nan wani dattijo, Baba Haladu, ya zo gwajin gadarsa. Turaku huɗu gare shi, wata shida yana fama da kunu da romon shurba. Likitanmu sabo ne, Balarabe, mai kirki. Ya ɗaure noti huɗun, ya tambaya ko akwai matsi.

"Alhamdulillahi," in ji Baba.

Likita zai rubuta an gama, Abdulmajid ya ce, "Dakta, tsohon Bahaushe ne fa. Ko ƙofar mota ka datse masa yatsa da ita, amsar ke nan. Kwance uku, bar na gefe ɗaya."

Aka kwance. Ɗaya gefen ya ɗaga kaɗan. Abdulmajid ya danna da yatsa, gadar ta yi lilo.

"Kai ɗan nan, bar min abina!" in ji Baba. "Sallah saura kwana tara, ragona na ɗaure."

"Baba, ni na ƙera, ni na kuskure. Ba ni kwana uku."

Abdulmajid ya yanka gadar biyu, aka daidaita ta a bakin, ya koma ya liƙe. Da aka sake gwadawa da noti ɗaya, ta zauna daram. Hoton ƙashi ma bai nuna tazara ba.

Baba ya motsa baki. "Yauwa. Ta ran nan kam kamar an sa min linzami."

Na ce, "To da aka tambaye ka?"

"Yaya zan ce wa likita aikinsa bai yi ba, yana tsaye a kaina?"

Kashegarin Sallah ya aiko mana da cinya guda. Ya ce a gaya wa Abdulmajid kada ya nemi haƙarƙari, shi Baba ya riga ya cinye.