Sista Kar-ka-leƙa ta ajiye auduga

Kafin a buɗe ƙofar asibitin unguwarmu ta riga ta goge bencin ɗakin wankin ciwo, ta jera auduga da bandeji, ta zauna jiran waɗanda wuƙa, kwalba da ganganci za su aiko mata. Ba su taɓa saɓa alkawari ba. Sunanta na gaskiya yana jikin takardar albashi. Mu dai Sista Kar-ka-leƙa muka sani.

Aikinta ba shi da kwarjini. Takan ɗora auduga a kan yanka, ta danne, ta ɗaga hannun sama, ta hana mai shi dubawa. Takan ce jiki ya san aikinsa: jijiya za ta tsuke bakinta, ƙananan ƙwayoyin jini su taru su manne a wurin, sannan wani siririn zare ya saƙu a kansu kamar saƙar gizo, jini ya daskare. Wanda ya ɗaga auduga don ya ga ko ya tsaya, ya yage saƙar, a koma farko. Da yake ɗan Adam ba ya iya barin abu ya gyaru ba tare da sa idonsa ba, sai ta riƙa ɗauke masa hankali da hira.

Kowa ya san Baba kafinta. Likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini saboda zuciyarsa, don haka ƙaramin yanka a wurinsa babbar magana ce. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna gaishe shi ta waya. Ranar da kurfin sassaƙar katako ya tsaga masa tafin hannu, masu shara sun ga yadda ta riƙe shi har hannunta ya sage, tana yi masa tsiya kan kujerar da ya gyara mata take rawa.

A makonta na ƙarshe kafin ta yi ritaya ta zaunar da shi.

"Baba, in ya faru ba na nan, ka danne, ka ɗaga. In audugar ta jiƙe, ƙara wata a kai. In ya ƙi tsayawa, ka taho asibiti."

"Dannewa na iya, Sista. Wa zai hana ni leƙawa?"

"Kunna rediyo."

"Rediyo bai san kujerarki ba."

Ta yi dariya, ta juya tana gyara audugar da ba ta buƙatar gyara.

An yi mata walimar sallama. Shugabanni suka yi jawabi kan sadaukarwa, suka ba ta fulas, suka tafi wani taron. Ta koma gidan da ita ma babu mai amsa mata sallama.

Ke ce kika riƙe hannuwan da masu su kansu suke ƙyamar kallo. Ke ce kika san cewa wani ya daɗe ba wanda ya taɓa shi sai ranar da ya yanke. Mun gode, Sista. Allah ya saka.

Mu kuwa da muka rage, in maƙwabci ya ji ciwo, a danne, kar a leƙa, a yi masa hira. Wanda ke da lafiyar ƙafa kuma ya bi ta gidanta. Jiya an ga Baba kafinta ya nufi can da guduma, wai zai duba kujera. Babu ko ƙwarzane a hannunsa.