Yadda Na Sayar da Farar Waya da Sunan Azurfa

Kafin in zama abin da na zama, ni mai gyaran kayan sauti ne a kasuwar Sabon Gari, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. A Jushi aka haife ni, a shagon wani dattijo na koyi aiki har ya yaye ni na buɗe nawa. Amfilifaya, sifika, makirfo, duk wanda aka kawo mini a mace sai ya tashi. Ina samun na abinci, ina barci da hankalina a kwance. Ku matasa, ku lura da inda na fara zamewa, domin wurin bai yi kama da santsi ba ko kaɗan.

Wata rana wani ɗalibi ya zo daga Samaru, irin masu haɗa waƙa a ɗaki da kwamfuta. Ya ce ya karanta a wayar salula cewa wayar azurfa ta fi ta jan ƙarfe fitar da sauti, ita yake nema ko nawa take. Ni tunda nake ban taɓa riƙe wayar azurfa ba. Amma akwai wata a shagon, jan ƙarfe ce da aka shafa wa kuza don kada ta yi tsatsa, in ka feɗe robar sai ka gan ta fara tas. Da wasa na miƙa masa, na ce ga ta nan. Na jona masa ita a sifika ina jira ya gane mu yi dariya.

Sai yaron nan ya lumshe ido, ya shiga gyaɗa kai. Ya ce wallahi yanzu ya ji muryar mawaƙin ta fito fes, kamar an cire wa sifikar bargo. Na tsaya baki buɗe ina kallonsa. Waya iri ɗaya ce da wadda na cire, kamfani ɗaya, kauri ɗaya, launi kawai ya bambanta. Ya biya ya tafi yana godiya, ni kuwa na zauna ina juya kuɗin a hannuna.

Bari in gaya muku gaskiyar da na sani tun a lokacin. Azurfa ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta, amma da ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma a wayar sifika kunnen mutum ba ya kama wannan bambancin. Abin da ke gyara sauti shi ne waya ta yi kaurin da ya dace da tsawonta, bakinta kuma ya kamu da kyau. Ubangidana ya koya mini haka. Na sani, na take sanin.

Da ɗalibin ya turo abokansa, sai na lura ba kowa ke jin abin da ya ji ba. Nan shaiɗan ya ba ni dabara. Na ɗaura wani ɗan maɓallin ƙara sauti a ƙarƙashin tebur, daidai gwiwata. In na sa ja, sai in bar shi yadda yake. In na sa fara, sai in ɗan taɓa shi, ba yadda mutum zai ce an ƙara ba, sai dai ya ji waƙar ta cika. Daga ranar ba wanda ya ƙara musu da ni. Kwaɗayi bai bar ni a nan ba, na daina sayen mai kuzar ma, na koma alminiyom mai arha, tunda shi ma fari ne. Masu kiɗan biki da masu sitidiyo suka riƙa kirana Mai Azurfa, ina amsawa ina hura hanci.

A cikin haka Baba Bitrus ya zo. Tsohon malamin firamare ne, shi ke kula da kayan sautin wata ƙaramar coci a Samaru tun ina yaro, kuma a wurina yake gyara. In ya ce sauti ya yi, ba mai ƙarawa, don kowa ya yarda da kunnensa. Mutum ne da ko batirin makirfo ya saya sai ya kai wa dattawan cocin tsohon batirin su gani. Na yi masa gwajin nan nawa, na taɓa maɓallin da gwiwa. Ya saurara, ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce, "Ɗana, lallai akwai bambanci. Na ji da kunnena."

Shi ya tsaya gaban jama'arsu ya lallashe su suka yi karo-karo don sayen wayar azurfa. Na je na kwance tsofaffin wayoyinsu, jan ƙarfe masu kauri kamar yatsa, waɗanda da an bar su sai sun ga jikokinmu. Na ce sun tsufa, zan rage musu wani abu a kansu. Na kai wa 'yan gwangwan, na shimfiɗa musu alminiyom siriri a madadinsu. Matarsa har kunun zaƙi ta kawo mini ina kan tsani, tana sa mini albarka.

Alminiyom ba ya riƙe dalma, bakinsa sakewa yake yana zafi. Ranar wani ɗaurin aure, coci cike, wayoyin suka narke suka haɗu, amfilifaya ta kama hayaƙi. Mutane suka ruga ƙofa, aka tattake uwar amarya har ta karye a ƙafa. Da aka kira wani mai gyara, ya kankare wayar da wuƙa a gaban dattawa, ya ce wannan ko jan ƙarfe ba ce, balle azurfa. Nan take ido ya koma kan Baba Bitrus.

Da kansa ya zo shagona, da dattawa biyu a bayansa. Bai zarge ni ba. Tambayata ya yi ko wanda ya sayar mini ne ya cuce ni, don ya san ni ba zan yi haka ba. Ƙofar fita ce ya buɗe mini, amma tsoro ya sa na zaɓi wadda ta fi muni. Na ce shi ya ce in sa mai arha, sauran kuɗin kuma mu raba. Har yau ina mamakin yadda maganar ta fito daga bakina sumul. Ya dafa tebur yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Aka karɓe makullin ɗakin kaya daga hannunsa, aka rufe maganar a cikin gida.

Ni kuwa ba a kan wannan aka kama ni ba. Wasu masu kiɗan biki ne kayansu suka ƙone, suka haɗa kai suka kawo 'yan sanda. Aka kifa teburin, ga maɓalli nan a fili. Alƙali ya tura ni gidan yari, na yi shekaru a can. Yunwa da ƙwarƙwata duk na jure su. Abin da ya hana ni sakat shi ne fuskar tsohon nan da hannunsa a kan teburina.

Da aka sake ni, ban wuce gida ba sai Samaru. Na same shi a ƙofar gida a kan benci, ya rame har na kusa wuce shi. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce zan tsaya gaban jama'arsu in wanke shi. Da na zo kan maɓallin sai ya ɗago a razane, ya ce ashe da gaske ya ji ƙari, shi da ya yi shekaru yana zaton kunnensa ne ya fara ruɗinsa. Na tambaye shi ina Mama, matar tasa, na ce ina so in roƙe ta ita ma.

Ya ce, "Bara muka binne ta. Ta tsaya mini a gaban kowa. Amma tana asibiti ta kama hannuna ta ce, tsakaninmu da Allah, in gaya mata ko na ci kuɗin. Na ce ban ci ba, ta ce to. Ban sani ba ko ta yarda."

Na tsaya gaban jama'arsu ranar Lahadi, na faɗi gaskiya, mutane suka yi ta salati irin nasu, wasu na kuka. Suka mayar masa da makulli, ya ce a ba wani. Ya yafe mini, na kuma roƙi Allah gafara, yanzu ina gyaran fanka da dutsen guga a Muchia.

Matasa, kada ku sayar da abu da sunan da ba nasa ba, ko da wasa, ko da mai saye ne ya sa muku maganar a baki. In kuma asiri ya tonu, ku ɗauki laifinku, kada ku jingina shi a wuyan wanda ya yarda da ku. Ni na koma da gaskiyata, na tarar wadda ta fi kowa buƙatar jin ta tana ƙarƙashin ƙasa.