Wandon jins ɗin da ya kai ni hannun mai ɗori

Shekarun baya, lokacin ina saurayi mai ji da kansa, ina da ɗan teburin gyaran waya a bakin tasha a Gwarzo, na sayi wani wandon jins da har yau in na tuna shi sai na ji cinyata ta yi tsami. Mutum biyu ne suka ja min: yarinyar da nake nema, da abokina, wanda bai taɓa ba ni shawarar da ta ƙare lafiya ba, amma kullum sai na ɗauka.

Ita yarinyar 'yar Garo ce. Na yi kusan wata huɗu ina zuwa zance duk Juma'a bayan la'asar. Babanta kuwa ban taɓa zama da shi ba. Daga nesa nake hango shi yana dawowa da shanun huɗarsa, in rusuna in yi sauri in kauce. Abu ɗaya nake jira a duniya: ranar da zai ce in turo magabatana.

Rannan muna cikin hira ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wai wannan wandon naka, kai da wa kuke sawa?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Na ga akwai wurin mutum ɗaya a ciki ne. In iska ta taso har tsoro nake ji kada ta ɗauke ka ta kai ka Kabo."

Na yi dariya irin ta wanda aka taka wa ƙafa a cikin mutane. Gaskiya ta faɗa, wandon na yayana ne, kuma yayana ya yi biyuna. Amma maganar ta bi ni har gida.

Washegari na kai ƙara wurin abokina. Ya ce ai shi ya daɗe yana jin kunyar tafiya da ni, kawai dai ya yi shiru ne saboda zumunci. Ya ja ni wurin wani mai gwanjo a kasuwa, ya tona tulin kaya har ya zaro wani baƙin jins, siriri kamar hanjin kaza. Ya ce shi ake yayi, sunansa fensir.

Na ce, "A ina zan gwada?"

Mai gwanjon ya kalle ni kamar na tambaye shi inda zan yi wanka. Ya ce, "Malam, zagaya ƙugun a wuyanka. In baki ya haɗu da baki, naka ne."

Na zagaya, ya haɗu cif. Abin da babu wanda ya tsaya ya duba shi ne, Allah ya yi ni da wuyan zalɓe da cinyar ɗan dambe. Shekara goma ina buga ƙwallo a filin firamare. Wuyana bai san halin da cinyata take ciki ba, ba su taɓa gaisawa ba ma. Amma aka ɗauki shaidarsa aka yanke hukunci.

Ranar Juma'a na yi la'asar da kaftanina, sannan na shiga ɗaki don in sa wandon. Ya tsaya a dunduniya. Abokina ya ce in sa leda a ƙafa, za ta zame. Ta zame. Ya hau har gwiwa ya sake tsayawa. Na kwanta rigingine a kan tabarma, abokina ya taka bango da ƙafa ɗaya yana ja kamar mai fitar da saniya daga rijiya. Da muka zo maɓalli sai da na fitar da duk iskar da na shaƙa tun ranar suna.

Na ce, "Anya kuwa?"

Ya ce, "Jins sai ya sha jiki yake saki. Kafin mu kai Garo za ka manta da shi."

Ban iya ɗaga ƙafa na hau babur ɗin abokina ba. Sai da ya jingina shi a jikin dakali, na hau dakalin, na sauko kan kujerar daga sama. Haka muka tafi, ƙafafuna a miƙe hagu da dama kamar almakashi. Duk wanda muka wuce sai ya waiwayo. Ni kuwa na ɗauka kyau ne.

Muna isa yarinyar ta leƙo daga bakin ƙofa. Ta kalli wandon, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta ce, "Cewa na yi a rage, ban ce a shafa maka fenti ba." Sannan ta sassauta murya ta ce, "Baba ya ce ka shigo zaure. Yau yake son ganinka. Yana tare da Baffa."

Wata huɗu ina roƙon Allah ya kawo wannan ranar. Sai ta zo a ranar da ba ni da gwiwa.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. Ba a gaida surukai a tsaye. Tsugunnawa ake yi har ƙasa, kai a sunkuye, kuma ba ka motsawa sai gaisuwa ta ƙare. Gaisuwar Garo kuwa ba ta ƙarewa, sai dai a gaji. Za a tambaye ka gida, a tambaye ka iyaye, a tambaye ka damina, a tambaye ka gajiyar da ka yi bara.

Muka yi sallama muka shiga. Baban yana zaune a kan buzu, kusa da shi Baffa, wato yayansa, wani dogon tsoho mai manyan hannaye. Abokina, da yake shi da wandon yadi ya zo, nan take ya zube ƙasa kamar an ninke tabarma. Ni ma na tafi zan bi shi. Na sauka kamar taku ɗaya, wandon ya ce iyakarka ke nan. Na tsaya a tsakiya, ba a tsaye ba, ba a tsugunne ba, kamar wanda ya yi ruku'u ya manta abin da ke biye.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Zauna mana, yaro."

Na dafa bango na fara zamewa a hankali. Rabin hanya hannuna ya kuɓuce, na faɗi daɓas a kan tabarma, ƙafafuna biyu a miƙe sambal, tafin ƙafata yana kallon fuskar mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa. Na sa hannu biyu na ɗauki ta dama na juya ta wajen ƙofa, na dawo na ɗauki ta hagu, kamar mai gyara itacen girki.

Baban ya daɗe yana kallon ƙafafun. Sannan cikin tausayi ya ce, "Yaro, wannan lalurar da ita aka haife ka, ko daga baya ta same ka?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Kafin in haɗiye yawu abokina ya riga ni.

"Haɗari ne, Baba. Babur ne ya kayar da shi, gwiwar ta ƙage."

"Subhanallahi. Yaushe?"

"Sati biyu ke nan."

"Wacce daga ciki?"

"Duka biyun, Baba."

Ni kuma, don in nuna muku ba shi kaɗai ne mara hankali ba, sai na gyaɗa kai, har da ɗan nishi.

Baban ya ce, "Allah sarki. Ai kuwa ka zo gida. Ga yayana nan, duk yankin nan shi ake kawo wa karaya da targaɗe."

Na juya na ga Baffa har ya fara naɗe hannun riga. Mai ɗori ne. Duk faɗin ƙasar Kano, gidan mai ɗori abokina ya zaɓa ya karya min ƙafa.

Baffa ya ɗaga murya ya ce a miƙo man shanu daga cikin gida. Ya matso ya kama gwiwata ta dama ya latsa. Ya girgiza kai ya ce, "Ji yadda ta yi tauri kamar icen kirya. Jini ma ba ya gudu a nan. Wane ne ya duba ka?"

Abokina ya ce, "Wani ne a Gwarzo."

"Ya cuce ka. Naɗe wandon in gani."

Na kama bakin wandon na ja. Ko idon sawu bai wuce ba. Baffa ya gwada da kansa, da hannun nan nasa da ke juya ƙafar bijimi, wandon ko gezau. Ya ce ba komai, ya laluba aljihu ya fito da aska. Yana wasa ta a tafin hannu yana yi wa ƙaninsa bayani a natse, wai tunda an yi sati biyu ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai an sake ɓalla shi sannan a ɗora da kyau. Wai na dama za a fara yi yau, na hagu sai ya huta.

Ya dubi abokina ya ce, "Kai, riƙe min kafaɗunsa. Da ƙarfi, don zai yi ihu."

Jama'a, ya riƙe. Mutumin da ya san lafiyata ƙalau, wanda shi ya ja wandon nan da hannunsa, ya zagayo bayana ya danne ni, har yana ce min, "Daure, mutumina."

Na ce, "Baffa, don girman Allah a tsaya. Ƙafata lafiyarta ƙalau. Ban taɓa faɗuwa a babur ba. Wandon ne."

"Wandon?"

"Shi ne ya hana ni lanƙwasawa."

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wata ta tuntsire da dariya, wata ta ce mata shiii, sannan ita ma ta fashe. Ashe duk matan gidan suna nan a laɓe tun shigowarmu.

Baban bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi askar tsorata ni. Ya ce, "Wando ba laifi ba ne. Kowane zamani da shirmensa, mu ma mun yi namu. Amma ka zauna a zaurena ana ƙarya a kanka kana gyaɗa kai. Yanzu ni ban san wacce zan kama ba. Da farko an ce gwiwa, da aka ga aska an ce wando. Ni kuwa ba zan ba da 'yata ga wanda ban tabbatar yana iya sunkuyawa ba. Gobe muna maimai a gonar dawa. Ka zo da sassafe, kai da wannan likitan naka."

Na ce to. Na yunƙura zan tashi, ƙafafun suka ce ba su san ni ba. Sun mutu murus. Baffa ya ce, "Magariba ta kusa, da wannan za ka yi sujada?" Bai jira amsa ba ya sa aska ya tsarge wandon tun daga ƙasa har cinya, hagu da dama. Na ji jini ya sauko kamar an buɗe famfo. Aka ba ni aron wandon Baffa na gona mai zariya, na bi su masallaci da shi, kaina a ƙasa.

Washegari likitan nawa bai zo ba. Wayarsa a kashe. Daga baya ya ce min wai rasuwa aka yi musu a Lakwaya, kuma har yau bai faɗa min wanda ya mutu ba.

Ni kaɗai na je. Ni da aikina bai wuce kwance ƙananan kusoshin waya a inuwa ba, aka miƙo min fartanya. Tun hantsi bai yi ba tafin hannuna ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa. Na sare dawa ta kai ashirin a zaton ciyawa ce. Baban yana biye da ni a baya, hannunsa a goye, ba ya kallon aikin, gwiwata kawai yake kallo. In na miƙe don in huta sai ya yi gyaran murya, in koma. Da azahar ta yi na riga na yafe wa kowa, na fara tunanin wanda zai gaji teburina.

Muka zauna a gindin wata ɗorawa aka kawo fura. Ya sha, ya goge baki, ya ce, "Gwiwa dai lafiya lau. Noman ne babu." Ya miƙo min ludayin. "Ka ce wa mutanenka su zo."

Yau 'ya'yanmu uku da ita. Kuma har yanzu ina sa jins, ban tuba ba, hankali kawai na yi. Ina sayen mai miƙaƙƙiyar ƙafa, wanda yatsuna biyu za su shiga ƙugunsa ba faɗa, wanda zan iya tsunkuno yadinsa a cinya, in kuma naɗe shi in wanke ƙafa wajen alwala. Duk mai kayan da ba shi da lungun gwaji, na bar masa kayansa. In na sa kuwa, sai na tsugunna har ƙasa a gabansa na gaishe shi, gida, iyali, kasuwa, damina. In wandon ya kai ƙarshen gaisuwar, na saya. Samari, ku ji da kyau, a tsaye kowane wando mutumin kirki ne.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne yadda labarin ya zauna a Garo. Maganar wando ta ɓace gaba ɗaya. Abin da mutane suka riƙe shi ne, an shigo da wani yaron Gwarzo ƙafa biyu a sandare, Baffa ya taɓa shi da la'asar, washegari aka gan shi yana noma. Har daga Mainika aka riƙa ɗauko masa marasa lafiya a kan wannan. Shi kuma tsohon bai taɓa cewa haka aka yi ba, bai kuma taɓa cewa ba haka aka yi ba.

Duk bikin da na je, ko suna ko ɗaurin aure, sai ya yafito ni cikin mutane, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga shi nan, shi ne wanda nake ba ku labari. Tsugunna su gani."

Yayan surukina ne. Ya zan yi? Sai in tsugunna.